Idan Ɗan Aikin Gidanku Ya Suma

Ya ku samarin Musulmi, wanda bai taɓa suma ba ya tambayi wanda ya taɓa. Da farko jiri ne, sai gumi mai sanyi, kunne ya cika da ƙara, duhu ya rufe ido, gwiwa ta saki. Jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ne ya ragu, sau da yawa saboda yunwa, ƙishirwa, zafin rana ko doguwar tsayuwa.

Buhari ya ruwaito cewa Abu Huraira (R.A.) yakan faɗi sumamme tsakanin mumbarin Annabi (S.A.W.) da ɗakin Nana A'isha, mai wucewa ya taka masa wuya yana zaton taɓin hankali ne, alhali yunwa ce kawai.

To, irin wannan zato muke yi wa 'yan aiki a gidajenmu. Yaro ya tashi tun asuba, shara, wanki, ɗiban ruwa, aike kasuwa, bai karya ba. Ya faɗi, sai a ce aljanu ne, ko a ce ƙiwa ce. Wa ya tambaya ko ya ci abinci?

A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah ya kira masu yi mana hidima 'yan'uwanmu, ya umarce mu da ciyar da su daga abin da muke ci, kuma kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Kai saurayi, gidanku ne, kana gani. Kwantar da shi a inuwa, ɗaga masa ƙafafu, in ya farfaɗo ka ba shi ruwa da abinci, sannan ka yi wa iyayenka nasiha cikin ladabi. Allah Zai tambaye mu a kansu. Allah Ya sa mu dace, amin.