Tsibirin da ke ruɓewa ta ƙasa

A tafkin Titikaka, kan iyakar Peru da Bolibiya, can bisa duwatsu kimanin mita 3,800 sama da teku, akwai mutanen da ake kira Uros. Tsibiran da suke kwana a kai, su suka haɗa abinsu da hannu.

Kayan aikin wata ciyawar ruwa ce, totora, mai kama da kacallar fadamun Haɗeja da Nguru. Saiwarta kan sarƙe ta zama curi mai kauri, kuma ikon Allah, curin ba ya nitsewa. Sai su yanko shi gunduwa-gunduwa, su haɗe da igiya, su ɗaure a turakun da suka kafa a ƙasan tafki, kada iska ta tafi da unguwa cikin dare. A kai ake shimfiɗa ciyawar, wannan shimfiɗa a miƙe, mai bi mata a gicciye. Ɗaki da ita ake yi, kwalekwale ma haka, farin gindinta kuwa ci ake yi. Murhu sai a kan dutse, don tartsatsi ɗaya ya isa.

Abin lura shi ne, tun ranar da aka gama tsibirin yake fara ruɓewa, kuma ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ba mai nutso ya gyara can. Abin da ake yi kawai, duk bayan 'yan makonni a yanko sabuwar ciyawa a ƙara a sama, da damina ma ba a jira haka. Gidan da ya yi kasala ba ya ganin alamar komai, sai ranar da ƙafa ta burma.

Ashe zumunci ma bisa ruwa yake zaune. Alherin bara shi ne shimfiɗar ƙasa: yana ɗauke da mutane, amma ruwa na cinsa. Sai ka ji mutum yana cewa ai shi ya yi wa ƙanensa aure, shi ya biya masa kuɗin makaranta. Gaskiya ne, an yi. To yaushe rabonsa da zuwa dubiya, ko gaisuwar da ba buƙata ce ta kawo ta ba? Yawancin 'yan'uwan da suka yi nisa da juna ba faɗa suka yi ba, yankan ciyawa suka daina.

Tsibirin da aka kula da shi kan kai shekara 30 kafin curin saiwar ya gaji, sannan a haɗa wani.