Wata Huɗun Da Kawu Ya Bari

Kawuna masunci ne. Tun ina ƙarami nake ganinsa yana jan taru a tafkin Madarunfa, ƙirji a buɗe, ba ruwansa da sanyin asuba. Shi ya sa da tari ya kama shi a wani hunturu ba wanda ya damu. Aka ce ƙura ce, aka dafa masa citta da kanumfari. Sati uku, sati biyar, tari yana nan. Da yamma zazzaɓi, da dare zufa har ta jiƙa tabarma, abinci ya fita ransa, wando ya yi masa yawa. Ranar da ya tofa kaki da jini a gindin bedi muka ɗora shi a babur sai likita.

Aka ba shi ƴar roba ya tofa kaki, aka auna, aka ce tarin fuka ne. Magani kyauta, amma na wata 6: wata 2 na farko ƙwaya mai haɗin magani huɗu, sauran wata 4 mai haɗin biyu. Majo, wato ma'aikacin jinyar wurin, ya ce masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata, aikin maganin ne.

Kafin wata biyu su cika Kawu ya murmure. Ya je ziyarar kaburburan waliyyan nan da ake cewa su 99 ne kewaye da tafkin, ya yi sadaka, ya dawo ya tura sauran ƙwayoyin ƙarƙashin gado. Da na yi masa magana sai ya ce: "Ɗan nan, Allah ya riga ya ba ni lafiya. In ci gaba da haɗiyar ƙwaya, ashe ban yarda da kyautarsa ba ke nan?"

Na rasa amsa a ranar, kuma har yau ina juya tambayar. Ba zan kira ta jahilci ba, domin godiya ce ta haife ta. Inda na rabu da Kawu shi ne ya ɗauki jin sauƙi a matsayin warkewa. Ƙwayar cutar nan, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882, mai jinkirin hayayyafa ce. Makonnin farko magani yana kashe masu yawan, tari ya lafa, jiki ya dawo. Saura kuwa suna laɓe cikin huhu, su ake bi a wata huɗun ƙarshe. Wanda ya halicci cutar shi ya sa mata wannan ɗabi'a, shi ya yanka wa maganinta wa'adi. Manomin da ya ga gero ya fid da kai bai ɗauko magirbi ba, ya jira ya nuna, wa ya taɓa cewa ba shi da tawakkali?

Malamanmu suna kawo labarin Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa juyowar ma cikin ƙaddara take. Ni abin da na ɗauka a ciki, sababi ba kishiyar ƙaddara ba ne. Wata shidan nan ma rubutacce ne.

Sai dai daga baya na gane ba Kawu kaɗai ke da laifi ba. Tun ranar da aka ambaci sunan cutar muka ware masa kwano da moɗa. Mutumin da ya saba cin tuwo da maza shida ya koma ci shi ɗaya a ɗaki. Alhali tarin fuka ta iska yake bi, mu kuwa muka toshe taga saboda sanyi, jikoki na kwana kusa da shi. Mun kiyaye abin da ba shi da haɗari, mun bar mai haɗarin. Ina jin rabin hujjar Kawu kaɗaici ne: muddin yana shan ƙwaya, shi majinyaci ne a idonmu, kuma yana son komawa cikin mutane.

Da damina tari ya dawo. Allah ya taimake mu, na'ura ta nuna cutar ba ta bijire wa magani ba, da sai jinyar wata tara ko fiye. Aka sake wata shida daga farko. Wannan karon ni ke kai masa ƙwaya kowace safiya, da azumi kuma kafin sahur, kuma kwano ɗaya muke ci da shi a tsakar gida.

Gwaji ya ce ya warke, amma huhun ya yi tabo. In ya yi tafiya daga gida zuwa bakin tafki sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ya bar jan taru. Yanzu da hunturu yakan zauna a zaure, rawani rufe da hanci, yana ɗinke tarun ƴaƴansa. In wani yaro ya wuce yana tari, sai ya ajiye allura ya kira shi, ya tambaye shi kwana nawa ke nan.