Wanda Ya Gani Da Wanda Ya Gane

Mun taso muna jin iyayenmu na cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Masana sararin samaniya kuwa sun ce dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura yake kewaya rana, idan ya matso kusa da ita zafi ya sa ya riƙa fitar da tururi, shi ne wutsiyar da muke hangowa. Waɗanda ke kammala zagayensu cikin ƙasa da shekara 200 su ake kira masu gajeren zango. Labarin ɗaya daga cikinsu ne ya jawo mana tambayar yau: idan aka gano abu, wa ya cancanci yabo, wanda ya fara gani ko wanda ya gane abin da aka gani?

A shekarar 1786 wani Bafaranshe, Pierre Méchain, ya hango wata tauraruwa mai wutsiya daga birnin Faris. A 1795 wata mata mai suna Caroline Herschel ta ga wata a Ingila. A 1805, sannan a 1818, Jean-Louis Pons ya sake ganin wasu daga garin Marsai. Shi Pons ɗin nan ma da aikin gadi ya fara a gidan duba taurari, a nan ya koyi sana'ar har ya gano taurari masu wutsiya 37. Kowannensu ya rubuta daren da ya ga tasa da inda take a sama, ana ɗauka baƙi ne daban-daban.

Sai ga wani matashi Bajamushe, Johann Encke, ya zauna da waɗannan rubuce-rubuce yana ta lissafi da hannu, don a lokacin babu kwamfuta. A 1819 ya bayyana cewa ai duk baƙuwa ɗaya ce take zuwa tana komawa, kuma shekara uku da kusan wata huɗu take yi ta zagayo. Hanyarta ba da'ira ba ce, ta fi kama da ƙwai: takan kusanto rana har tazarar ta rage kamar kilomita miliyan 50, sannan ta nausa sama da kilomita miliyan 600, ta juyo kafin ta kai hanyar Mushtari. Ya ce a jira ta a 1822. Aka kuwa gan ta a wannan shekarar daga Ostareliya. Tun daga nan ake kiranta da sunan Encke.

To, an yi adalci ke nan? Wani zai ce a'a. Mutum ya kwana a waje cikin sanyi yana zuba ido, wani yana ɗaki da alƙalami, amma shi aka raɗa wa suna. Wannan magana tana da ƙarfi, domin da Méchain da Caroline ba su rubuta abin da suka gani daidai ba, Encke ba shi da abin lissafawa.

Amma kuma fa mu duba ɗaya gefen. Shekara 33 ana ganin tauraruwar nan ba a san ita ce ba. Mai gani ya ce ga ta nan yau. Encke ne ya iya cewa ga ranar da za ta dawo, ya sa sunansa a kan maganar, da ba ta dawo ba shi za a yi wa dariya. Don haka mu dai muna ganin bai ci haƙƙin kowa ba.

Inda ya fi burge mu shi ne halinsa bayan haka. Shi da kansa, a rubuce-rubucensa, tauraruwar Pons yake kiranta. Duniya ta ba shi suna, shi kuma ya ci gaba da ambaton tsohon maigadin da ya gano masa ita.

Kun ga abin ya zo gida. A unguwar nan idan aka gyara masallaci, ko aka haƙa rijiyar burtsatse, ko aka sasanta rigima tsakaninmu da 'yan gari, sunan mutum ɗaya ake ji, galibi wanda ya yi magana a taron ƙarshe. Matar da ta fara lura yara na ɗibar ruwa mai datti, da yaron da ya riƙe littafin karo-karo, ba a tuna su. Ba mu ce a hana jagora yabonsa ba, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Wanda aka manta da shi sau biyu, karo na uku ko ya ga ɓaraka shiru zai yi, kuma asarar tamu ce duka. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa makirfo a taro na gaba, ya daure ya faɗi sunan wanda ya fara kawo masa labari.