Abin da Muka Tarar a Adakar Yaya

Bayan sadakar arba'in muka buɗe adakar Yaya a gidanmu na Wurno. Ƙarƙashin riguna da takardun gona sai ga wani ƙunshi an ɗaure da tsumma: mujallun African Film masu labarin Lance Spearman, da littafin Ganɗoki, da na Superman guda biyu waɗanda bangonsu ya rabu. Gara ta ci gefe, takardar ta yi ja, tana warin daɗewa.

Daga Sakkwato yake zuwa da su in an yi hutu. Mu biyar muke kewaye shi a zaure, fitilar ƙwai a tsakiya, yana fassara mana Turancin muna bin hotuna da yatsa. A 1968 mujallar African Film ta fara fitowa, kuma a lokacin ba mu san wani namiji da ya kai Spear ba.

Na kwana biyu ina sake karanta su. Labaran ba su da nauyin da na daɗe ina ba su a zuciya. Spear da malfarsa da sigarinsa, kullum artabu da Rabon Zollo, naushi ɗaya ƙato ya zube. Ganɗoki ne ya riƙe ƙarfinsa, don Hausar da Bello Kagara ya zuba a 1934 har yau tana da daɗi a kunne.

Fuskar Spear ce ta sa na ajiye mujallar na yi shiru. Tana nan yadda na bar ta, ba furfura ko ɗaya, ba ƙwanƙwasar gwiwa. Mu biyar ɗin nan kuwa saura biyu, ɗayan ma sai an ja masa sanda zuwa masallaci. Superman ya bayyana a 1938, har gobe saurayi ne. Joe Shuster da ya zana shi ya rasu a 1992 ido ya kusa tafiya gaba ɗaya. Christopher Reeve, wanda duniya ta ga yana tashi sama a fim ɗin Superman na 1978, doki ya kayar da shi a 1995, bai sake takawa da ƙafarsa ba har ya mutu a 2004, yana da shekara 52.

Mutumin Wurno ba sai ya je Amurka neman wannan darasi ba. Ga hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello nan cikin gari. Ya yi ribaɗi a nan, ya ja rundunoni, ya bar littattafai, a 1837 aka sa shi a ƙasa. Sardauna, ɗan Rabah, yana riƙe da Arewa duka aka wayi gari ranar 15 ga Janairu 1966 babu shi. Allah ya jiƙansu da rahama.

A cikin bangon Ganɗoki Yaya ya rubuta sunansa da ajinsu da shuɗin biro, har da jan layi biyu a ƙasa, irin na yaron da yake ganin gaba da sauran nisa. Jikansa ya leƙo ta kafaɗata.

"Kaka, wa ya rubuta wannan?"

Na ce masa kakansa ne, lokacin bai fi shi tsawo ba. Ya dube ni bai yarda ba. Na miƙa masa littafin, aka kira la'asar, muka tashi yin alwala.