Zunubi Ne Ko Ciwo?

'Yan uwa, ana yawan tambayata: wanda ya kasa barin zina ko kallon batsa, yau ya tuba gobe ya koma, mai laifi ne ko mara lafiya?

A fahimtata, duka biyun ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kasa danne sha'awa cikin jerin cututtuka. Ba ƙarfin sha'awa ake nufi ba. Ana nufin mutum ya kai wata shida ko fiye yana fama ya kasa, har abin ya taɓa gidansa da sana'arsa.

Ciwo ba ya ɗauke alhaki, ƙara maka wani yake yi: neman magani. Ka riƙe tuba da azumi, sannan ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ku gano me ke tunzura ka: kaɗaici ne, damuwa ce, ko waya cikin dare? Wani ma sai an haɗa masa da ƙwaya.

Iyaye kuma, don Allah a daina cewa "a yi masa aure zai daina". 'Yar mutane ba asibiti ba ce.

Mu kuma kada mu tsine masa. A Bukhari, Annabi (SAW) ya hana tsine wa sahabin da aka sha hukuntawa kan giya.

Allah Ya tsare mu.