Ɗigon Tawada Da Hukuncin Zato

A shekarar 1921 wani likitan ƙasar Suwizalan, Hermann Rorschach, ya fitar da katuna 10 masu ɗauke da tawadar da aka ɗiga a takarda aka ninke. Ba siffar komai ba ce. Akan miƙa wa mutum a tambaye shi me ya gani, sai masani ya bi amsoshin ya duba ko tunanin yana tafiya bisa hanya ko ya fara warwarewa. Har yau wasu masana suna gwada wannan dabara a kan samari da 'yan mata, domin taɓin hankali ya fi ɓullowa daga balaga zuwa wajen shekara 30, wanda aka tara da wuri kuwa ya fi jin magani.

Wannan ba duba ba ne irin na bokaye, domin likita bai yi da'awar sanin gaibu ba, neman magani kuma Musulunci ya yi umurni da shi. Abin tambaya shi ne nauyin da ya kamata a ɗora wa sakamakon.

A ɗauki yaron da ya tashi a bakin tafkin Kainji, a Ngaski ko Shanga, wanda kakanninsa suka baro tsibiransu sa'ad da madatsar ruwa ta cinye su a 1968. Tun yana goye yake jin labarin mutanen ruwa. In ya ce ya ga aljani cikin tawada, ciwo ne ya yi magana ko tatsuniyar kaka? Ma'aunin da za a auna shi da shi kuwa, a kan mutanen Turai da Amurka aka fara tsara shi. Haka nan ɗalibin da ya ga tashin hankalin kwalejin Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, in ya ga jini, ai ba abin mamaki ba ne.

Daɗin daɗawa, ko matasan da likitoci suka tantance ta doguwar ganawa suka ce suna cikin haɗari, bincike ya nuna tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne ciwon ke kamawa cikin shekara uku. Watau mafi yawansu ba ya kama su.

To, kalmar hauka ba ƙarama ba ce a Shari'a. Tana ɗauke wa mutum taklifi, tana hana shi sarrafa dukiyarsa, a mazhabar Malikiyya kuma tana cikin aibobin da ake warware aure saboda su. Malamai ba su rataya waɗannan hukunce-hukunce a kan abin da ake tsoron faruwarsa ba, sai a kan abin da ya tabbata. Amma kasuwar Yelwa ba ta san wannan bambanci ba. Takarda guda ta fita daga ofishin makaranta, yarinya ta rasa manemi, alhali lafiyarta lau. Shi ya sa sakamakon yake amana a wuyan mai gwaji, ba ya wuce iyaye da likita.

Su iyaye ma suna da abin lura da ya fi tawada kusa: yaro ya daina barci, ya ƙaurace wa abokai, ya bar fita su, yana amsa muryar da ba wanda ya ji. Irin abin da likita zai fara tambaya ke nan a asibitin masu taɓin hankali na Kware, kusa da Sakkwato, kafin ya ciro wani kati.