Fasali a kan zanzaro da arzikin ɗansa

Bismillahi. Ya kai muridi mai barin lazimin safe don sammakon kasuwa, dubi macen zanzaro a kusurwar zaure. Takan ɗebo laka bakin rijiya, kaɗan-kaɗan, ta gina ɗaki. Sa'an nan ta harbi tsutsa, ba ta kashe ta, sumar da ita take yi don kada ta ruɓe. Ta sa ƙwai ciki, ta liƙe ƙofa, ta tafi. Ɗan ya ƙyanƙyashe cikin duhu, ya iske abincinsa na jiransa. Wa ya sanar da ita? Wanda Ya yi wa ƙudan zuma wahayi, Suratun Nahli, aya 68. Zauna ka cika wuridinka tukuna. Ɗakin nata kuwa, hana yara fasa shi.